Falalu Mai Awon Iska

A Sharada in ka ce Falalu sai a tambaye ka wanne, don akwai Falalu mahauci, akwai kuma na gidan liman. Amma in ka ce Mai Awon Iska, ko akuya ta san ƙofar gidan. Shekara goma sha tara ya yi yana wannan aiki a Bompai, da shi ya aurar da 'ya'ya, da shi ya yi wa zaure rufin kwano, har ya tsufa yana ba da labarin farkon shigarsa, yana tuntsira dariya tun kafin ya kai inda abin dariyar yake. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga saurin murna. Ko ce masa aka yi an yi ruwa a Zariya, sai ya bi mutane yana yi musu barka.

Ubansa, Malam Inuwa, ba haka yake ba. Mai awon hatsi ne a kasuwar Rimi, shekara arba'in a wuri ɗaya, kuma ba a taɓa dawo masa da awo ba. Kafin ya zuba ƙwaya ɗaya sai ya kife mudu ya buga gindinsa, mai saye ya ga ba komai a ciki. Ya cika har ya yi tozo, ya juye, sannan ya ɗebo gyara da tafin hannu ya ƙara. In geron ya zo da ƙaiƙayi ko tsakuwa, gyaran sai ya ninka. A nan Falalu ya tashi yana riƙe bakin buhu, in ban da shekara huɗu da aka kama shi aka kai elementare, inda ya koyo lissafin boko da Turanci daidai na gaisuwa.

Lissafin nan ne ya kai shi Bompai, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Lokacin ana ta sare dajin wurin ana kafa ma'aikatu, na man gyaɗa, na sabulu, na alewa. A cikinsu akwai wani kamfani da ke ɗura iska a tulunan ƙarfe yana sayar wa masu lemon kwalba, irin iskar nan da ke sa lemo ya yi kumfa, ya tsikari hanci, ya tayar da gyatsa. Falalu ya je neman aikin lebura. Heluman wurin, wani Muntari mai gashin baki, ya tambaya ko akwai wanda ya iya karanta lamba. Falalu ya ɗaga hannu biyu.

Aka kai shi wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A jikin bango ga wani akwati mai fuskar gilashi, cikinsa ƙwan gilashi ne rataye a ɗan siririn sikeli, a gaba kuma allura kamar hannun agogo. Injiniyan kamfanin, wani dogon Bature mai jan wuya da ba a taɓa ganin ya zauna ba, ya ce sunan abin garabitomita. Leburori sun ga sunan ya yi musu tsawo, tuni suka yanke shi suka bar Garba. Aikin ba wuya. Tiyo biyu ne ke shiga akwatin. In ka buɗe famfon farko, iskar Allah da muke shaƙa ta shiga, allura ta tsaya a ɗari. In ka rufe ka buɗe na biyu, iskar kamfani ta shiga, da yake ta fi nauyi sai allura ta hau. In tsantsa ce ta kai ɗari da hamsin da biyu. In iskar waje ta sulale ta gauraya da ita, allura ta gaza. Duk sa'a guda Falalu zai duba ya rubuta lambar a littafi.

Ranar, keken aro da ya hau komawa gida bai san ya taka ƙasa ba. Ya bi ta Ƙofar Nassarawa yana kaɗa ƙararrawa ba kowa a gabansa. Ya tarar da tsohon a zaure, ya zube ya gaishe shi, baki har kunne.

"Baba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Awo na samu."

"Madalla. Gyaɗa ce ko auduga?"

"Iska."

Malam Inuwa ya ajiye carbi. Ya sa aka maimaita masa, ya saurari labarin ƙwan gilashi da allura har ƙarshe bai katse ba. Sannan ya ce, "Abin da ba ya cika mudu, ba a ganinsa, ba a damƙarsa, shi ka ce kana aunawa a ba ka lada? Ko dai kai kake cutar Baturen, ko shi ke cutar masu saye kana yi masa shaidar zur. Ko wanne ne, ba da cikina ba."

Falalu ya ɗauka faɗan kwana biyu ne. Ina. Tun rasuwar uwarsa, matarsa Safara'u ce ke yi wa tsohon tuwo, amma daga ranar da albashin farko ya shigo gidan, akushi ya riƙa dawowa daga zaure yadda aka kai shi, faifai a rufe, miya ta yi fata. Malam Inuwa ya koma shan fura da ya saya da guminsa a kasuwa. Safara'u ta yi miyar kuka da man shanu, ta yi ta kuɓewa ɗanya, ta yanka zakara, duk a banza. Har mata suka fara tambayarta a rijiya ko hannunta ne ya lalace. Abin ya ci wa Falalu rai ƙwarai. Yana iya sayen keke sabo fil, kuma ya saya, amma ba ya iya sa ubansa ya ci loma ɗaya daga tukunyarsa.

Ya roƙi tsohon ya zo Bompai ya gani da ido, tsoho ya ce ba ya zuwa kallon babu. Falalu ya ce to, in Baba ba zai je wa iska ba, iska za ta zo wa Baba. Wata Asabar ya ɗura iskar kamfani a gora, ya toshe da totuwa, ya ɗaure a bayan keke. Bayan la'asar ya tara maƙwabta a zaure, ya kunna aci-balbal ya ajiye a cikin kasko. Ya cire totuwa, ya karkata gorar daga sama kamar mai zuba ruwa. Ba abin da ya zubo da ido zai gani, sai ga wutar ta kwanta ta mutu.

"Kun gani? Nauyinta ne ya kai ta ƙasa," in ji Falalu, yana tsalle a wuri ɗaya.

Da ya waiwaya, zaure ya watse. Wani ya bar takalmi, wani ya fita da hular wani. Washegari labari ya kai Na'ibawa cewa ɗan Malam Inuwa yana yawo da aljani a gora. Tsohon kaɗai ne bai motsa ba. Ya dubi kasko, ya dubi ɗansa, ya ce, "Da ina zaton zamba ce kawai. Ashe har da rufa-ido."

An gudu ba a tsira ba ke nan. Haka aka tafi shekara guda da wata huɗu.

To, a nan ne ya kamata a faɗi laifin Falalu, don yana da shi, kuma shi kansa bai san laifi ba ne. Tun ranar farko hannunsa ya ƙi rubuta lamba tsirara. Ɗan Malam Inuwa ne, bai taɓa ganin awo ya tashi ba gyara ba, gani yake rowa ce da rashin tarbiyya. In allura ta nuna ɗari da hamsin da ɗaya, sai ya ɗora ɗaya ya rubuta da biyu, ransa fes. Ana nan sai allura ta fara ja da baya. Ɗari da arba'in da takwas, da biyar, har ta sauko ɗari da arba'in. Falalu ya ce Allah sarki, kaya sun yi ƙaiƙayi. Abin da ake yi in kaya sun yi ƙaiƙayi kuwa ya sani tun yana riƙe bakin buhu, wato a ninka gyara. Ya riƙa ƙarawa har lamba ta cika. Injiniya ya leƙo kullum da safe, ya ga littafi reras ɗari da hamsin da biyu daga sama har ƙasa, ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Falalu ya riƙa jin kansa kamar sarkin ma'auna.

Asiri ya tonu a gidan suna. Alhaji Shu'aibu, dillalin fata da ke bayan masallaci, ya sami ɗa namiji bayan 'ya'ya mata biyar, ya rantse sai an yi abin da ba a taɓa yi a Sharada ba. Ya sa aka kawo akwati uku na lemon kwalba daga birni a kan jaki. Da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro, aka jera kwalabe a tabarma. Rabin mutanen wurin ba su taɓa sha ba. Falalu ya ga dama ta samu, ga ubansa zaune a sahun dattawa. Ya miƙe ya gyara hula.

"Jama'a, iskar da ke cikin kwalaben nan ni na auna ta da hannuna. In an buɗe za ku ji ta yi tsaki. In kun sha, ku ƙirga uku, za ta dawo ta hanci. Wanda bai yi gyatsa ba ya zo ya kama ni."

Ya ɗauki mabuɗi ya ɓalle murfin farko. Shiru. Ya ɓalle na biyu, ya kai kunne. Ko ƙuda ya fi shi ƙara. Aka dai rarraba, aka sha, dattawa talatin suka zauna cif suna jiran gyatsa, kowa na satar kallon na kusa da shi. Liman ya ƙirga uku a fili, ya ƙara uku. Wani ya buga ƙirji ko za ta taso. Can Alhaji Shu'aibu ya ɗaga kwalba ya duba ta a rana ya ce, "Wannan ai ruwan sukari ne mai launi." Aka fashe da dariya har mata suka leƙo ta katanga. Falalu ya yi tsuru-tsuru da mabuɗi a hannu, don a take ya gane inda iskar ta tafi.

Malam Inuwa bai sha ba, bai kuma yi dariya ba. Da suka koma gida ya kira ɗansa zaure, ya ce ya faɗa masa yadda yake awon, daki-daki, kada ya tsallake komai. Falalu ya faɗa. Da ya zo kan gyara har ƙirjinsa ya ɗan taso, don a nan yake ganin zai sami yabo.

"Tsaya," in ji tsohon. "Allura ta faɗi abu, ka rubuta wani?"

"Gyara ne, Baba. Yadda kuka koya mini."

"Sai lemon Alhaji ya mutu."

"E."

"Da ka rubuta abin da ta faɗa fa?"

"Da injiniya ya gani, ya nemo inda iskar waje ke shiga ya toshe."

Malam Inuwa ya gyara zama. Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ashe akwai mai saye a ƙarshen abin nan. Abin da za a tauye har wani ya cutu, ai awo ne."

Falalu ya zabura har hularsa ta faɗi. Shekara da wata huɗu yana jiran wannan magana. "Baba, kun yarda ke nan?"

"Na yarda. Na yarda ɗana matauyin mudu ne." Falalu ya koma ya zauna. Tsohon ya ci gaba. "Gyara daga buhunka kake ɗiba, ka zuba a ƙwaryar mutum, ya tafi da shi gida ya ci. Kai me ka ɗiba? A ina ka zuba?"

"A takarda."

"To, Alhaji ya jiƙa takarda ya ba baƙinsa."

A sana'ar awo, in ka gane ka tauye wa mutum, ba ka jira ya dawo. Kai za ka bi shi har gida ka faɗa da bakinka. Saboda haka da sassafe Malam Inuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya ce a fito da keke. Tsohon da bai taɓa hawa keke ba ya ɗare bayan ɗansa, ƙafafu a ware, hannu ɗaya riƙe da rawani, ɗaya ya damƙe kwankwason Falalu. Safara'u ta rataya ƙullin ɗanwake a ƙahon keken yadda ta saba, ta koma ciki tana toshe baki. Duk ramin da suka faɗa sai tsoho ya yi salati. Falalu kuwa ya san aiki na iya tafiya, amma duk da haka wani daɗi na cin sa, ga shi dai yana kai Baba Bompai.

Suka tarar da kamfani a hargitse. Masu lemo sun dawo da tuluna mota guda, injiniya ya kwana biyu yana kwance injuna yana ɗaurawa, don littafi ya ce iska lafiya lau. Malam Inuwa ya tsaya a gabansa, ya tura Falalu gaba, ya ce wa Muntari heluma ya yi tafinta. Falalu ya faɗi komai, kai a sunkuye. Muntari ya sha wuya kafin ya fahimtar da Baturen, sai da ya ɗebo yashi a gwangwani, ya cika, ya ƙara ɗan tafi a kai, ya nuna littafin. Injiniya ya dubi yashi, ya dubi littafi. Wuyansa ya ƙara ja. Sai ya silale ya zauna a kan tulu, abin da ba a taɓa gani ba, ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Leburori suka kasa gane kuka yake ko dariya, sai da ya ɗago da hawaye yana cewa a maimaita masa na ƙaiƙayin.

Da dariya ta sake shi, faɗa ya zo, kuma ya yi shi sosai. Hukunci shi ne Falalu zai bar ɗakin awo wata guda ya koma mirgina tuluna a rana, sannan a gani. Malam Inuwa ya ce hukuncin ya yi sauƙi, amma kafin nan yana so a nuna masa mudun.

Aka shiga ɗan ɗakin. Tsoho ya kewaye akwatin, ya leƙa bayansa, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Falalu ya kai hannu zai buɗe famfon iskar kamfani, tsoho ya buge hannun.

"Wa ya ga ka kife?"

Falalu ya buɗe famfon farko, iskar Allah ta wanke akwatin, allura ta dawo ta tsaya a ɗari. Injiniya ya tambayi Muntari me tsohon ya ce, da aka gaya masa sai ya ɗaga gira ya gyaɗa kai. Sannan aka saki iskar kamfani. Ƙwan gilashi ya motsa, allura ta hau a hankali ta tsaya a ɗari da arba'in. Malam Inuwa bai iya lambar boko ba, sai ya ɗora babban yatsa a kan gilashi daidai inda ta tsaya, ya ce a kife a sake. Aka sake, ta dawo ƙarƙashin yatsan. Ya ce a sake. Sau bakwai ya sa aka yi, Bature na tsaye yana duba agogo, ba wanda ya iya ce wa tsohon ya isa. A na bakwai ya ɗauke yatsansa ya goge a riga.

"Mudun ba ya ƙarya," ya ce.

Da aka san gaskiyar lamba, neman ɓarna bai ɗauki sa'a biyu ba. Wani zoben roba ne ya tsage a bakin injin, ta nan iskar waje ke shiga. Aka canja shi, allura ta haye ɗari da hamsin da biyu da ƙafarta. Injiniya ya miƙa wa Falalu alƙalami ya ce ya rubuta wannan guda kafin ya tafi rana. Ya rubuta, ya fita ya kama mirgina tuluna.

Da jiniyar tsakar rana ta yi kuka, leburori suka watsu neman abinci. Falalu ya zo gindin dalbejiyar bakin ƙofa, riga sharkaf da gumi, ya tarar da tsohon zaune yana jira a mai da shi gida. Ya kwance ƙullin ɗanwaken Safara'u, ya ja can gefe ya juya baya, don ya daɗe da daina yi wa ubansa tayi. Ya ɗauki tsinke ke nan ya ji muryar tsohon.

"Kai. Ta ƙarshen nan, me ka rubuta?"

"Abin da allura ta nuna, Baba."

"Ba ƙari?"

"Ko ɗaya."

Malam Inuwa ya jawo butar mai gadi, ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. "Matso da kwanon."

Falalu ya matso da shi da hannu biyu. Tsoho ya yi bisimilla ya kai loma, ya tauna a natse, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Falalu bai ci ko ɗaya ba. Yana durƙushe yana dariya, hawaye na bin gemunsa, leburori na wucewa suna tambayar Muntari ko ranar ce ta taɓa yaron. Tsohon ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya ture kwanon.

"In mun koma ka ce wa yarinyar nan ta daina rufe mini tuwo da faifan da ya yage," ya ce. "Shekara guda ina kallonsa."